Tsakuwa Ashirin da Begilar Baba

Ranar wata Laraba, a damanar da na shiga aji biyar na firamare, Baba ya karya mini haƙori. An yi ruwa da asuba, tsakar gidanmu a Zuru duk ta caɓe, ina tsaye bayan rumbun dawa da begila a bakina ina ta hurawa, ita kuwa ta ƙi fitar da komai sai wani gurnani kamar na bunsuru. Ban ga tahowar hannunsa ba. Begilar ya kai wa mari da bayan hannu, ƙarfen ya shige bakina, na ji ƙas, sai ga jini yana bin gaban rigata ta makaranta. Na tofar, rabin haƙorina na gaba ya faɗa cikin taɓo, wata kazar Inna ta rugo ta cafke shi tana zaton tsaba ce.

Baba tsohon soja ne, kamar dattawa da yawa a unguwarmu. Da kofur ya yi ritaya, aikinsa kuwa busa begila, shi ke tada bariki da safe, shi ke kiran fareti. Wata rana ya makara da busar safe, wani saje ya daka masa gindin bindiga a baki, haƙora huɗu suka zube, daga nan iska ba ta ƙara tsaya masa ba. Ya dawo gida da niyyar noma a zuciya da wata tsohuwar begila mai lotsattsen baki a cikin akwati. Ni ne ɗansa namiji na fari, don haka ni aka ɗora wa abin da bakinsa ya kasa. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Tsarinsa ba ya canzawa. Kullum bayan sallar asuba, kafin in saki awaki ko in tafi ɗebo ruwa, zai zauna a kan kifaffen turmi bayan rumbu da gwangwanayen madara biyu a gabansa, ɗaya da tsakuwa ashirin, ɗaya ba komai. In na yi busa ɗaya mai tsawo, ba rawa ba yankewa, sai ya jefa tsakuwa ɗaya cikin wanda ba komai, in ji ƙwal. In na kuskure, ko da a ta goma sha tara ce, sai ya juye su duka a koma farko, sannan bel ɗinsa mai kan ƙarfe ya sauka a cinyata. Wani lokaci tsallen kwaɗo ne daga rumbu zuwa bakin rijiya har sai gwiwa ta daina ɗaukata. In ransa ya ɓaci ƙwarai Hausa takan gudu daga bakinsa ya koma yarenmu na Dakarci, a nan ne har karen maƙwabta yake barin wurin. Abin da ya fi maimaitawa shi ne, "Leɓe mantuwa gare shi, kwana ɗaya ka bar shi sai ya manta ka." Na tsani maganar, na tsani gwangwanayen, kuma wallahi akwai safiyoyin da na tsani shi kansa. Amma busa ta zauna. A makaranta ni ke gaban masu ganga lokacin maci, har hedimasta ya ce ni zan ja makarantarmu a faretin da za a yi na makarantun gari. Baba da ya ji sai ya goge begilar da toka da lemun tsami har tana ɗaukar ido.

Saura kwana goma fareti ya tafi Dirin Daji taya ƙanensa noma, ya bar mini gwangwanaye da kashedi. Kwana bakwai ba bel! Na sha langa har ƙafa ta yi tsami, na buga ƙwallon tsumma, na yi kokawa a yashin rafi, na bi ƙadangaru da danƙo a katangar makaranta. Da safe in je bayan rumbu in juye tsakuwar a tashi ɗaya, in rataye begila ko hura ta ban yi ba. Inna tana gani ta kawar da kai. Ana gobe zai dawo tsoro ya kama ni, sai na yi lissafin ɗan aji biyar: ashirin sau bakwai, ɗari da arba'in. Na ɗauki begila na tafi gonarmu ta gyaɗa, na yi ta busa daga azahar har kiran magariba, ina ganin na cike gurbi. Gari na wayewa leɓɓana sun kumbura suntum, ko kunu ba na iya kurɓa. A haka na tsaya gabansa ranar Larabar nan.

Ƙarar da na yi ce ta fito da Inna daga madafa da muciya a hannu. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba ta maka masa muciyar a kafaɗa, ta janye ni bayanta, ta ce, "Kai ma saje ka koma? Buɗe bakinka, ka buɗe nashi, ka hwaɗa mini mi ya raba ku!" Na rufe ido ina jiran gidan ya kama da wuta. Da na buɗe, sai na ga Baba ya kai yatsu bakinsa yana taɓa dasashinsa inda haƙora suka zube. Ya juya ya fita gona, ko fartanya bai ɗauka ba.

Inna ta yi ta gasa mini baki da ruwan zafi da gishiri. Fareti ya wuce da ganga kaɗai, ina gida ina jiyo su daga nesa. Baba ya rataye bel a ƙusa, ya mayar da begila akwati, bai ƙara ambatonta ba. Da farko murna na yi. Amma bai ƙara duban fuskata ba, ko wajen cin tuwo, kuma in na fito sakin awaki sai in hango shi zaune a kan turmin nan, gwangwanaye a gabansa, ba abin da yake yi. Yaro ne ni, amma na gane cewa sau biyu ke nan ana raba shi da busar nan, na biyun kuwa da hannunsa. Wannan shirun ya fi bel ciwo.

Bayan an yanke dawa na buɗe akwatin da kaina. Iska ta yi ta zurarewa ta karyayyen haƙorin, sai da na koyi karkatar da bakin begilar hagu kaɗan. Na daina lissafin ramuwa, abin da leɓe ya ɗauka a ranar shi nake yi, gobe in dawo. A safiya ta biyar na ja busa mai tsawo, ina saukewa na ji ƙwal a bayana. Ban waiwaya ba. Muka yi ta tafiya har ta takwas, a nan busa ta yanke. Na ɗage kafaɗu ina jiran saukar bel. Sai na ji ya ce a hankali, "Sake wagga kaɗai." Tsakuwa bakwai ɗin suna nan inda suke, bai juye ba.

Yau Baba ya daɗe da rasuwa, ni kuma ɗinki nake yi a kasuwa, ban taɓa cin ko sisi da busa ba. Amma kowace safiya ina yin ashirin ɗina, da tsumma a cushe a bakin begilar saboda maƙwabta. Gwangwanayen sun yi tsatsa na canza, tsakuwar dai tasa ce. Rumbun ya rushe, inda yake an yi shago, kuma ina kewar ƙarar nan ta ƙwal daga hannun da ba nawa ba. Ɗana Nasiru ya fara koya, yana kallon masu busa a waya yana son ya iya duka a rana ɗaya. Watan jiya ya share mako bai taɓa begilar ba, ranar Asabar ya wuni yana hurawa, Lahadi ya tsaya gabana da kumburarren leɓe. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. Yaron ya runtse ido ya ɗage kafaɗu, ni kuma harshena ya taɓa kaifin rabin haƙorin nan. Na sauke hannun, na ɗauki tsakuwa ɗaya na sa a tafinsa, na ce ya je ya huta, gobe da asuba mu fara da ita.