Hannun da Bai Shiga Aljihu Ba

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da kawuna, cikin wata bas da ta fi direbanta tari. Saƙon Inna ɗaya ne: mu dawo mata da ƙanena, wanda injin masaƙa ya cinye wa yatsun dama a Kaduna. Kawu ya tanadi wa'azin haƙuri tun daga gida, ni kuwa barci kawai nake ji.

Kafin mu haye gadar kogin Kaduna rana ta take, ƙafafuna sun kumbura. A unguwar Makera muka ci shinkafa da wake, mai abincin tana ɗiga mai kamar turare, wai ostariti, zamanin tsuke bakin aljihu. Muka tarar da ƙanen nawa a ɗakin haya a unguwar Talbishin, ya rame, ciwon ya fara warkewa. Ya ce ba inda za shi, ƙungiyar ma'aikata na son ya ba da shaida cewa an cire murfin injin don aiki ya yi sauri. Kawu ya ce ƙaddara ce. Na goyi bayansa, don ni dai gida nake so.

Da ya kafe, muka ce to a ɗauki hotonsa a kai wa Inna, hankalinta ya kwanta. Mai hoton mutumin Binuwai ne. Na ce wa ƙanena, "Sa hannun a aljihu, kada Inna ta gani."

"Oga, haka kowa ke faɗa," in ji mai hoto. "Zo ka duba."

Ya ɗage labulen furannin da ake tsayawa gabansa. Bangon cike yake da hotunan hannuwa, babu fuska ko ɗaya. Wani ba babban yatsa, wani dungulmi, wani na mace da sauran lalle a farcen da ya rage. Ba ka bambance na mai zuwa coci da na mai zuwa masallaci.

"Duk inji ɗaya ne," ya ce.

Kawu ya cire hula, wa'azi ya ƙare.

Washegari da la'asar muka iso gida, jiki kamar an yi mana duka, ba tare da ƙanena ba. Tafiyar ta koya mini cewa haƙurin da na yi ta bayarwa mai sauƙi ne, don ban taɓa tsayawa na kalli hannun ba. Na miƙa wa Inna hoton, hannun a kan ƙirjinsa. Ta daɗe tana kallo, ba ta yi kuka ba.

Ta ce, "Yanzu ɗan wa ke kan injin?"