Tuban da Bappa Bai Yi Ba

Bappa, ƙanen mahaifina, ya rasu da hantsi a wani asibiti a Birnin Kebbi, ni kaɗai ne a kansa. Kafin la'asar ta ranar na riga na yi masa ƙaryar da har yau take ci mini rai.

Malamin tarihi ne a sakandare a Argungu har ya yi ritaya. Gidanmu gidan malamai ne, kakanmu ya karantar da rabin unguwa, amma Bappa ya ƙara da wani karatun da zaurenmu bai saba da shi ba, wato Markisanci, abin da mutane ke kira gurguzu. Duk mako biyu sai ya rubuta sharhi kan al'amuran duniya, takarda ɗaya gaba da baya, da Hausa, da wani rubutun hannu mai kama da tafiyar tururuwa. Ni ne mai buga masa a kwamfuta, tunda ina aikin gwamnati a Birnin Kebbi. In na buga sai in kai wajen masu fotokwafi da ke bakin makarantar Poli, in ba direban Argungu ya kai masa. Ranar kasuwa ya zauna a rumfar wani mai gyaran injin ban-ruwa, manoman garin Gulma su kewaye shi, ya karanta musu, su yi ta musu da shi har rana ta karkata.

In yaƙi ya ɓarke a Turai, Bappa zai bi shi daki-daki har ya kawo shi kan buhun taki a fadamar Gulma. Da aka rufe iyakarmu da Nijar, tambayarsa ɗaya ce: wa ya ci riba, kuma albasar wa ta ruɓe a mota? Ya caccaki Faransa, ya caccaki Amurka, mutane suna tafa masa. Da aka fara ɗaga tutar Rasha ana murna, ya rubuta cewa duk wanda ya zo da jirgi ya kwashi ma'adini ɗan kasuwa ne, ko wace tuta ya rataya, sai masu tafin suka ɗaure fuska. 'Yan gurguzun jami'a ma ba su cika son sa ba. Yakan tsokane su da cewa sun haddace juyin juya halin ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, amma ba su san watan da ake dashen shinkafa ba. Ba shi da ubangida, kuma bai taɓa neman ya samu ba.

Sallarsa kuwa, sai dai in rashin lafiya ta kwantar da shi, amma a sahun farko ake ganin sa. Wannan kowa ya sani, har waɗanda suka yi kamar sun manta.

Abin da ya jawo masa shi ne ranar da ya sauko da sharhinsa daga duniya zuwa gida. Ya rubuta cewa 'yan jari-hujjar ƙetare ba sa shiga fadama da ƙafarsu, sai sun sami ɗan gari. Ya kwatanta dillalin da ke ɓoye taki har damina ta kama, sannan da kaka ya dawo ya kwashe shinkafar waɗanda ya matsa. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma muna da wani Alhaji, surukin gidanmu, wanda ko makaho aka karanta wa takardar zai gane shi. Daga wannan makon aka fara raɗe-raɗin cewa gurguzu kafirci ne, kuma Bappa bai yarda da Allah ba, sallar tasa ta ganin ido ce. Bappa ya ji, ya yi dariya, ya ce aƙalla yanzu ya tabbata Alhaji yana karatu.

A asibiti, da safen da zai cika, damuwarsa wani sharhi ne da bai gama ba, kan jiragen ruwan da ake tarewa a teku da yadda hakan zai taɓa farashin kaya a kasuwar Argungu. Ya ce in gyara sakin layi na uku, ya yi tsawo. Can numfashinsa ya canja. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya maimaita ta sarai, sau biyu.

Mun isa Argungu da gawa kafin azahar. Aka yi masa wanka aka sa masa likkafani, mutane suka fara taruwa a ƙofar gida. Sai aka ce Baba Malam, babban wansu mahaifina kuma mai gidan, yana kira na a zaure. Na tarar da shi zaune, Alhaji a gefensa yana jan carbi. Ashe liman ya aiko. Ya ce ba zai hana a yi wa Bappa salla ba, amma da irin maganganun da ke yawo, shi zai janye, a sa wani ya ja, sai fa in akwai shaidar cewa mamacin ya tuba. A gida irin namu, liman ya janye daga gawar ɗan gidan, wannan abin kunya ne da za a riƙa goranta wa jikoki.

Baba Malam ya ce, "Kai ad da shi sa'adda yac cika. Mi yac ce?"

Na ce, "Ya yi shahada, Baba. Da kunnena naj ji, har sau biyu."

Alhaji ya ce, "Ba wanga muka tambaya ba. Takardun ga nashi, ya janye su ko bai janye ba?"

Mutum ya cika da kalmar shahada, amma ba ta isa ba, sai ya janye maganar taki! Na dubi Baba Malam, wanda ya koya mana cewa wanda ya yi shahada ba a tona zuciyarsa, ina jiran ya tsawata. Ya sunkuyar da kai yana duban tabarma. Na buɗe baki zan faɗa wa Alhaji abin da ya daɗe bai ji ba, sai aka ce Inna, matar Bappa, tana son gani na a bakin ƙofar cikin gida.

Ta riƙe hannun rigata, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Ɗana, kak ka bari a kunyata shi gaban ɗiyanai. Hwaɗa musu abin da suka so. Shi ya tahi, mu munka saura cikin garin ga."

Rana ta take, gawa tana kwance a makara, ana ta leƙowa ana tambayar me ake jira. Na koma zaure na ce ya tuba, ya ce a ƙone takardun. Kalmomin suka fito mini sumul, ko tuntuɓe ban yi ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushin kaina. Alhaji ya yi hamdala da ƙarfi, yadda na waje za su ji. Liman ya zo ya ja salla, sahu ya kai har bakin titi, Alhaji a sahun gaba. Washegari aka ƙone kwali biyu na takardu a bayan gida, ni na ɗauko su da hannuna.

Ƙonewar ba ta dame ni ba, ina da su duka a kwamfuta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda kowa ya sami abin da yake so a kan gawar mutumin da ba zai iya tashi ya ƙaryata ba. Liman ya tsira da mutuncinsa, Baba Malam ya tsira da sunan gida, Alhaji ya wanke kansa tas. Ina jin haushinsu duka. Na kuma yi ta gaya wa kaina cewa don Inna na yi, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Ni ma na ji tsoron a ce ni ne mai buga takardun kafirci, labari ya kai ofis.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, ni tsakanin Baba Malam da Alhaji, sai ga manoman Gulma a kan babura, labari bai kai musu da wuri ba. Suka yi addu'a, suka shafa. Wani dattijo daga cikinsu, ƙafafunsa duk faso, ya matso ya durƙusa gabana. Ban san shi ba, amma shi an nuna masa ni.

Ya ce, "Malam, an ce kai ad da shi. An ce ya ce abin da yaka karanta muna duk ɓata ta. Ni ban yarda ba, nac ce sai na ji ga bakinka. Gaskiya ta?"

Alhaji ya daina jan carbi. Na san Inna tana bayan ƙofa tana ji.

Na ce, "Haka yac ce, Baba."

Dattijon ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya fito da wata takarda da ta yi laushi don ninkewa, ɗaya daga cikin waɗanda na buga. Ya ajiye ta a kan tabarma a gabana.

Ya ce, "To, a haɗa da wagga. Allah shi gafarta mai, mu ma shi gafarta muna da munka saurare shi."