Malam Badaru da Hoton Kwazazzabo

A shekarun da sunan Malam Badaru Sale ya fara fita, Ɗorawar Gabas ba ta da abin da zai tsayar da matafiyi. Ƙauye ne tsakanin Makoda da Ɗambatta, gonakinsa a matse, iyakar kowace gona layin gamba ne ko bishiyar da kakanni suka shaida. A gabashin gari akwai kwazazzabo, wanda kowace damina yakan ƙara faɗi, yana cin gonar da ke bakinsa. Gonar ta Inna Juwairiyya ce. Mijinta ya rasu ya bar mata ita, da ita kuma take ciyar da marayu huɗu.

Saboda wannan kwazazzabo aka kafa Ƙungiyar Cigaban Ɗorawar Gabas. Takardar taron farko tana nan a akwatin ƙungiya, magana ɗaya ce kuma a cikinta: a tare zaizayar ƙasa kafin ta cinye gonar Juwairiyya ta shigo gari. Aka naɗa Badaru sakatare domin shi malamin firamare ne, yana jin Turanci, rubutunsa kuma ba ya karkacewa.

Shekara biyu yana aika wasiƙun neman taimako, ko amsa bai samu ba. A ta uku ya halarci wata bita ta kwana uku a Kano kan dabarun neman tallafi, ya dawo da jaka mai tambari da darasi guda, wanda har yau yakan maimaita shi da alfahari: mai bayarwa ba ya tambayar abin da ke damunka, shi ne zai faɗa maka abin da ya kamata ya dame ka. Daga nan ya buɗe littafi, ya jera sunayen gidauniyoyi, a gaban kowace ya rubuta kalmomin da take son ji da watan da take karɓar takardu. Dabarar ta ci. Shekarar da ake yayin wanke hannu, ƙungiyar ta zama ta tsabta. Da yayi ya koma kan matasa, dattawan kwamiti suka wayi gari matasa. Har tallafin sasanta rikici aka samu, a garin da rikicinsa mafi girma shi ne akuya ta shiga gyaɗa. Kowane tallafi yakan bar riguna masu rubutu da allon ƙarfe guda, har alluna shida suka jeru a bakin gari.

Adalci ne a faɗa cewa babu wanda na zanta da shi da ya kira Badaru ɓarawo. Duk abin da aka ce ya yi da tallafi, ya yi shi. Sai dai babu gidauniyar da ta ambaci kwazazzabo, don haka shi ma ya daina ambatonsa.

Inna Juwairiyya kuwa da ta gaji da jira, sai ta koma ga abin da ta gani a wurin iyayenta. Ta riƙa cika tsofaffin buhunan taki da yashi tana jerawa a bakin ramin, ta dasa jema a bayansu, ciyawar nan mai dogon saiwa da ke riƙe ƙasa. Shekara uku tana wannan aiki ita da 'ya'yanta. A damina ta uku ruwa bai ɗauki ko kunya ɗaya ba.

A bazarar da ta biyo baya wata gidauniya ta yi shelar tallafi kan sauyin yanayi da zaizayar ƙasa. Karo na farko ke nan da abin da masu bayarwa ke so ya dace da abin da garin ke buƙata. Sharaɗin dai shi ne a haɗa takarda da hoton da ke nuna ɓarna. Badaru ya je gonar, ya tarar babu ɓarnar da za ta cika hoto.

"Inna, barka da aiki. Buhunan nan za a ɗan janye su," in ji shi.

"A kai su ina, Malam?"

"Na kwana biyu ne. In masu tallafi suka ga wuri a gyare, cewa za su yi ba mu da buƙata."

"To, ai da sun yi gaskiya."

"Ke ba ki san harkar ba, Inna. Siminti za a zuba miki, har da rodi."

"Badaru, shekara tara kana zuba mini siminti da baki. Ko kaza ba ta taɓa taka shi ba."

Ta ƙi, sai da mai unguwa ya sa baki, ya ce kada mutum ɗaya ya toshe wa gari arziki. Aka yi gayya aka kwashe buhunan, aka tuge jemar. Aka tsayar da Inna Juwairiyya a bakin ramin, Badaru ya ɗaga waya ya ce kada ta yi murmushi. Ta ce, "Da wane bakin zan yi shi?"

Kwana huɗu bayan haka ruwan farko ya sauka da ƙarfi. Ba a riga an mayar da buhunan ba, waɗanda suka kwashe su kuma kowa ya tafi shukarsa. Kafin sati ya zagayo kashi ɗaya cikin uku na gonar ya rufta. Badaru ya koma ya ɗauki hoto na biyu, ya sa shi a shafin farko. Shi da kansa ya shaida mini, ba tare da wata kunya ba, cewa wannan hoton ne ya ci musu gasar neman tallafin.

Tallafin ya zo da allo na bakwai, shi ne mafi girma da ƙungiyar ta taɓa samu. A ƙa'idojinsa an rubuta cewa na wayar da kai ne, ba a gini da shi. Aka shirya bita ta kwana biyu a Ɗambatta, aka ɗauko masani daga birni ya koya wa manoma yadda ake tare zaizaya da buhunan yashi da jema. Inna Juwairiyya na cikin mahalarta. An ba ta riga da takardar shaidar cewa ta koyi dabarar.

Yanzu Badaru ya yi ritaya daga koyarwa, ƙungiyoyi na gayyatarsa daga nesa ya koya musu rubuta takardar neman tallafi. Alluna huɗu daga cikin bakwai sun ɓace daga bakin gari. Na same su a gonar Juwairiyya, a kafe a gefen ramin, suna tare mata ƙasa, babu kuma wanda ya yi ƙarfin halin ce mata ta mayar.

Ba a zuba siminti ba. Jemar da ta sake dasawa ba ta gama kama ƙasa ba. Tsakanin kwazazzabo da gidan farko na garin saura taku arba'in, na auna da ƙafata. Maganar da ke cikin takardar taron farko har yau ba a aiwatar da ita ba.