Katung da Ƙofar Shekara Ɗari Bakwai

Katung ba ya iya ganin abu ya tsufa ya ƙyale shi. Gida ɗaya muka zauna a unguwar Catford ta Landan a 1975, lokacin da kuɗin mai ya sa gwamnati ke ta kwaso mu karatu, kuma kafin wata guda ya fente mana har kwandon shara. Ya samo asali. Babansa ne ya gina cocin ƙauyensu da jar ƙasa, ya sassaƙa ƙofar da hannunsa, kuma duk Kirsimeti Katung ke shafe ta da shuɗin fenti.

Wata Lahadi ya bi 'yan cocinsu ziyara wani ƙauye bayan Croydon, ya dawo rai a ɓace. Wai ya ga coci mai shekara ɗari bakwai, ƙofar ta yi baƙi ƙirin, tsofaffin garin sai nuna ta suke da alfahari, ko kunya babu.

"Almu, talauci ne," in ji shi. "Ba su da arzikin fetur irin namu."

Na ce ya fita harkar ƙofar mutane. Ina, ranar Asabar ya sunkuci galan na fenti da buroshi ya hau bas. Ya ci rabin ƙofar yana waƙar yabo sai ga faston garin a kan keke. Mutumin ya tsaya baki buɗe. Katung ya ɗauka godiya ce ta shaƙe shi, har ya ce kada ya damu, gobe zai ƙarasa.

Dattawan cocin suka ce sai an kira 'yan sanda. Katung ya ga karatu na shirin tashi, a koma gida kuma ba kwalin digiri. Wata tsohuwa ce ta cece shi, ta ce ya kankare abinsa da kansa, da wani ɗan ƙarfe da bai kai cokalin shayi ba. Kowace Asabar yana kankara, tana gefe da shayi tana ba shi tarihin kowane rami: nan harsashi ya shiga, nan kakanta ya zana sunansa. Ya riƙa dawo mana da labaran nan har ya ishe mu.

A mako na tara wasiƙar ƙanwarsa Juliana ta iso da albishir. Sun rushe tsohon cocin ƙauyensu, na siminti ya tashi da ƙofar ƙarfe, yadda ya daɗe yana matsa musu. Tsohuwar ƙofar kuwa da ita aka dafa wa magina abinci, ta ce ba ta taɓa ganin icen da ya ci wuta haka ba.

Na shirya tsiya iri-iri, da na dubi fuskarsa na haɗiye, don ya ba ni tausayi ƙwarai. Ya ninke wasiƙar, ya sa ɗan ƙarfensa a aljihu.

"Sau goma sha biyar na fente ta, Almu," ya ce. "Ban taɓa ganin inda gizagon Baba ya bi ba."