Sifikar Bakin Ƙofa

Har yau idan na ji ana yabon yayana, wai shi ya ji ƙan Babanmu a ƙarshen rayuwarsa, sai in ji raina ya ɓaci. Ba na musu da kowa. Nakan ce haka ne, in tashi in ba su wuri.

Babanmu ya yi shekaru yana tuƙa jirgin ruwa mai inji tsakanin Yelwa da Warra, yana jigilar 'yan kasuwa da kwandunan kifi da buhunan albasa. Lokacin da yake da ƙarfinsa ya sayi rediyo mai kaset da amfilifaya da manyan sifikoki biyu na katako, kowacce ta kai min ƙugu. Da idanunsa suka fara tafiya ya bar ruwa. Kafin su tafi gaba ɗaya Inna ta rasu, ni ma mijina ya rasu, na dawo gida da sana'ata ta bandar kifi. Muka rage ni da shi, sai rediyon.

Kujerarsa tana jingine da bango, sifika ɗaya a gefenta, ɗayar kuma can bakin ƙofar da ke fita tsakar gida. Ta bakin ƙofar takardar cikinta ta ɗan yage tun tuni, tana ziza kamar ƙudan zuma a gora. Duk wanda ya shigo sai ya ce a gyara ta, Baba ya ce a bar masa kayansa. Da ita yake gane ƙofa. Rediyon kan wuni a kunne da batirin sola, in zai fita alwala ko bayi sai ya miƙe, ya bar mai lafiyar a bayansa, ya nufi mai zizar, daga nan hannunsa ya sami igiyar da na ɗaura masa har bayi. Ba sanda, ba kiran kowa. Mutum ne da ya tsani a riƙe masa hannu. Ya taɓa gaya min haka yake gane gaɓa idan ruwan sama ya rufe tafki, da ƙarar daka da kiran salla.

Yayana ma'aikaci ne a Birnin Kebbi. Yana aiko da abinci da magani, wannan ba zan ɓoye ba. Amma irin mutanen nan ne da ba sa tambaya, sai dai su yanke shawara su ɗauko ta a bayan mota. Ana jibi Babbar Salla ya iso da kwalaye: talabijin mai faɗin ƙyaure, sabuwar amfilifaya, ƙananan sifikoki uku, da wata ƙatuwar akwati mai gurnani. Ya taho da mai haɗawa daga kasuwa, wani mai tumbi da surutun tsiya.

Na tambayi yayana ko makaho ya saya wa talabijin. Ya ce hoton na jikoki ne da baƙi, rabon Baba shi ne sauti, wanda zai kewaye shi ta ko'ina kamar a gidan sinima. Mai haɗawa ya ƙwanƙwasa tsofaffin sifikokin ya ce katakon da ne, ba a samun irinsa yanzu, asara ce a jefar. Za a haɗa su da sababbin: su biyun su tsaya dama da hagun talabijin, ƙarama ɗaya a ƙarƙashinta saboda muryar mutane, biyu a bayan mai saurare, akwatin a lungu. Ita kuma kujerar dole a janyo ta tsakiyar ɗaki, don sautin baya ya sami wurin zagayowa.

Na ja yayana gefe na yi masa bayanin ƙofa da igiya. Ya yi dariya, ya ce mutumin da ke ɗakin nan tun kafin a haife mu ba zai rasa ƙofa don an ɗauke yagaggiyar sifika ba.

"Ke dai tsaya ga kihinki," in ji shi. "Wanga aiki ba naki ba na."

Na juya wurin Baba ina jiran ya buɗe baki. Yana jinmu sarai, kunnensa ya fi na kowa a gidan. Abin da ya ce kawai, Allah ya yi albarka. Ɗansa na fari ne, bai taɓa ce masa a'a ba.

Mai haɗawa ya ciccibi sifikar ƙofa, ya buɗe ta, ya liƙe yagar da gam, har yana kirana in zo in ji yadda ta warke. Suka sa fim. Ruwan sama ya ɓarke daga bayan kujera, Baba ya sunkuyar da kai kamar zai jiƙe, jikoki suka kwashe da dariya. Yayana ya dube ni da fuskar wanda ya ci gardama. Da ina da iko, da a tafki kayan nan suka kwana.

Kwana uku bayan Salla ya tattara iyalinsa ya tafi. Washegari da hantsi na shigo daga wurin banda na tarar da Baba a tsaye jikin taga, yana lalube, ƙaurinsa na jini inda ya bugi teburin talabijin. Mai karanta labarai yana magana daga gaba, daga baya, daga ko'ina. Baba ya ce iska ya zo sha. Na san ƙarya ce, shi ma ya san na sani.

Daga nan ya rage tashi. Na lura kofin ruwansa yana wuni a cike, sai daga baya na gane dalili: ba ya son abin da zai kai shi bayi. Wata la'asar na same shi wandonsa sharkaf, buta a kife a ƙasa. Ya ce hannunsa ne ya kuɓuce. Ruwan butar ya zuba wa kansa don kada in gane abin da ya faru.

Na ɗauko wuƙar da nake gyaran kifi da ita na nufi wayoyin.

"Uwata, mi za ki yi?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Kayanka zan maida inda suke."

"Aje wuƙag ga. In yaz zo yat tarar an tsinke, mi zan ce mai? Ɗana yay yi man abu."

"Ni hwa, Baba? Ni mi niy yi maka?"

Ya kau da fuskarsa. Wannan shirun ya fi maganar yayana yi min zafi.

Na kira yayana a waya. Ya ce in danna wani maɓalli a rimot, sautin zai koma sifika biyu. Na danna. Ya koma, amma duka biyun suna jikin talabijin, kuma babu mai ziza. Ya ce ni dai ina son mai da ƙaramin abu babba. Bayan mako ya aiko da sanda mai kan azurfa. Baba ya ajiye ta ƙarƙashin kujera, sai baƙo ya zo ya fito da ita a gani. Na gwada ajiye ƙaramin rediyona a bakin ƙofa, gurnanin akwatin ya haɗiye shi. Kashe babban kuma Baba ya ƙi, wai maƙwabta za su ji shiru su kai wa ɗansa labari.

Sai na kwaso aikina na dawo da shi bakin ƙofar. A nan nake fere kifi, a nan nake jera shi a kwando, wutar banda tana can baya tana cin abin da ta ga dama. In na ga Baba ya fara gyara zama sai in yi tari, ko in ja faranti a ƙasa. Ya miƙe kamar ra'ayin kansa ne, ya nufo ni, ya wuce ni, ya kama igiya. Ni ban taɓa cewa don shi nake yi ba, shi ma bai taɓa nuna ya gane ba. Haka muka yi damina biyu.

Rana ɗaya ce ba na son tunawa. Yayana ya kira, Baba ya daɗe yana sa masa albarka a kan kayan sautin, ina zaune a bakin ƙofa ƙaya ta huda min yatsa, kifina na ƙonewa. Da ya gama ya gyara zama, ya miƙe. Na yi gum da gangan. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana juya kai, dama, hagu, hannu ɗaya a gaba, rediyo na zuba ta ko'ina.

"Uwata," ya ce a hankali, "kina nan?"

Taku huɗu ne tsakaninmu. Ina kallonsa, na ƙara yin shiru fiye da yadda ya kamata, sannan na yi tari.

Ya rasu bayan damina ta biyun. Bayan sadakar bakwai yayana ya loda kayan a mota, har da tsofaffin sifikokin, tunda yanzu saiti ɗaya ne. Ban yafe masa ba, ban kuma ga ranar da zan yafe ba. Sai dai shi ya yi nasa bai sani ba. Ni ina sane na bar tsohon a tsaye.