Zanen da Danshi Ya Ci

Duk ɗan Najeriyar da wandonsa ya taɓa yagewa a Kuala Lumpur ya san matattakalar Anti Ruƙayyatu. Tana unguwar Chow Kit, bayan masu kifi, a saman wani shagon shayi. Ka hau kana haki, ka tarar da ita a kan keken ɗinki, tabarau a karan hanci, tana hararar ka kamar kai ka tsinka mata zare.

'Yar Zariya ce. Shekara goma sha biyar ke nan da ta biyo mijinta Salisu, mai sarin kayan waya. A shekara ta shida ciwon zuciya ya ɗauke shi, aka binne shi a nan. Dangi suka yi ta kiran ta dawo gida, ta ce to, har yau kuma to ɗin take cewa. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ɗalibai ba su bar ta ta zauna shiru ba.

Tana da wata ɗabi'a mai ƙular da masu gaggawa: ba ta sa almakashi a yadi sai ta ji wa ya saya, wa zai saka, ina za a je da shi. Wanda ya ce yana sauri, ta nuna masa matattakala.

Saura kwana goma bikin yaye ɗalibai Felicia ta hau wurinta, rungume da leda. 'Yar Kafanchan ce, tana karanta Turanci a wata jami'a da ke unguwar Bukit Jalil. Zanen mahaifiyarta ne a ledar, atamfa shuɗiya. Ranar da za ta taho uwar ta ba ta, ta ce ta ɗinka ta saka ranar karɓar digiri. Tana aji biyu uwar ta rasu, ko jana'iza ba ta samu ba. Tun ranar ta ƙulle zanen cikin leda biyu, ta tura ƙasan durowa, don kada ƙamshin uwar ya fita.

A gida, adana ke nan. A garin da ruwa ke sauka kusan kullum, ganganci ne. Ruƙayyatu na kwance ƙullin warin danshi ya buge ta. Funfuna ta cinye zanen, tana ɗaga shi ya rabe a hannunta kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Felicia ta zame ta zauna a ƙasa. "Anti, shi kaɗai nake da shi. Na lalata shi da hannuna."

Tausayi ya kama Ruƙayyatu, sai dai ba ta iya lallashi ba, ba ta taɓa iyawa ba. Ta sa aka kawo shayi daga ƙasa, ta tambayi yarinyar me ta rubuta a aikinta na ƙarshe. Felicia na jan hanci ta ce asalin kalmomin tufafi ta bi, har ta gano kalmar Turawa clad, wato mutum sanye da kaya, tushenta wata tsohuwar kalma ce mai nufin ƙyalle.

"Shekara huɗu, da jirgi da komai, kafin ki gano riga daga ƙyalle take? Da ni kika tambaya lah," in ji Ruƙayyatu, da irin lah ɗin da mutanen garin ke ƙare magana da shi.

Felicia ta yi dariya da hawaye a fuska. Ruƙayyatu ta auna ta, ta ce ta bar zanen, ta dawo ran Alhamis.

Kwana uku tana fama da shi. Ta wanke a ruwan sanyi, ta shanya a inuwa, ta bi shi da yatsa taƙi bayan taƙi. A can tsakiyar ninki ta samu wuri mai rai, bai fi tafin hannu biyu ba, ko ɗankwali ba zai yi ba. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo akwatinta ta ɗauko atamfar ƙarshe da Salisu ya saya mata, ita ma shuɗiya, wadda take fitarwa duk Juma'a ta sha iska ta mayar. Shekara tara ta kasa yanka ta. Ranar ta yanka.

Ran Alhamis Felicia ta ga doguwar riga a rataye. Ta yi kyau, amma ba zanen uwarta ba ne. Ta yi godiya a sanyaye, ta shige bayan labule don gwadawa. Da ta juya rigar za ta zura kai, ta ga guntun zanen a ciki, daidai ƙirji ta hagu, an ɗinke shi da hannu.

"Ba mai ganinsa," in ji Ruƙayyatu daga kan keke, ba ta ɗago ba. "Ke ce za ki ji shi a jikinki, 'yata."

Felicia ta fito sanye da rigar, tafinta dafe da ƙirji. Ta tambaya, na wajen fa, na waye.

Ruƙayyatu ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Na wani ne da shi ma bai ga an saka ba. Juyo in ga bayan."