Dariyar Tsohuwa Mai Nutso a Jeju

Mun tashi da asuba daga garin Clinton na jihar Maryland ana yayyafi, ni da mijin ƙanwata. Shi likita ne, a Mitchellville yake, gidan nan mai gareji uku. Taron likitoci ne zai kai shi Koriya, ya ce in zo mu ƙarasa wani tsibiri da ake kira Jeju tunda ina son hoto. Ban ƙi ba. Kun san ni, duk suna da bikin mutanenmu a Maryland ni nake ɗauka in na tashi daga tuƙi, kuma tun da ƙungiyarmu ta fara buga kalanda hoton da na ɗauka ne a gaba. Bana kwamiti suka ce kowa ya kawo nasa a zaɓa. Na san da wa suke. Na ce to, zan kawo musu abin da ba su taɓa gani ba.

Jakar kyamarata ta fi ta kayan sawata nauyi. Shi kuwa waya ce kawai a aljihu. A jirgi na zauna har ƙafata ta kumbura, shi yana can gaba inda kujera take kwanciya. Ya leƙo ya ce, "Yaya, lafiya dai?" Na ce lafiya lau.

Tsibirin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Titi sumul, bas tana zuwa a kan lokaci. Gonaki an kewaye su da baƙin dutse mai huji-huji, an jera shi ba siminti, iska tana bi ta ciki. Iskar kuwa har hulata ta ɗauke. Lemo ko'ina, ƙanana masu zaƙi, ga araha, amma kofi ya fi na Washington tsada. Abinci ne matsala, don abin alfaharinsu naman alade ne. Kifi da shinkafa muka yi ta ci, da kabeji mai tsami da yaji, da wata miyar ganyen teku mai santsi kamar karkashi. Likita yana ci da tsinke biyu kamar a can aka yanke masa cibiya. Ni cokali na roƙa.

Abin da ya kai ni shi ne tsofaffin matan nan masu nutso. Wasu sun haife ni, amma suna shiga teku ba tukunyar iska, su riƙe numfashi su kwaso abin da ke ƙasa su sayar. In sun ɗago kai sai ka ji fito kamar na tsuntsu.

Da hantsi muka je gaɓa. Na kafa kyamara, na jira haske. Wata ta fito cikin baƙar rigar roba tana jan raga cike, fuska duk tamoji. Na ce ga kalandata. Sai na yi abin da nake yi a kowane biki: na je na nuna mata inda za ta tsaya, na yi mata alama ta ɗaga haɓa, ta juyo ta nan. A wurinmu ko matar shugaban ƙungiya na ce wa "Hajiya, matsa nan," matsawa take. Wannan kuwa ta dube ni sama da ƙasa, ta daka mini tsawa da yarensu, sauran suka juya mini baya.

Shi Likita sai ya durƙusa ya gaishe ta irin gaisuwar gida, ya cire takalmi, ya kama mata ragar suka hau tudu. Ni kuma ina ja da baya ko zan same ta daga nesa, na taka gansakuka, sai ga ni zaune cikin ruwa, hannu sama riƙe da kyamara. Tsohuwa ta fashe da dariya, baki buɗe, ruwa yana zuba daga gashinta, teku a bayanta. Likita ya ɗaga waya, ƙyas, sau ɗaya.

"Yaya, ba ka ji ciwo ba?"

Sai da ya ɗauka sannan ya tambaya. Wannan na lura da shi.

A mota ya nuna mini. Na daɗe ina kallo. Shekara da shekaru irin wannan nake nema. Na ce masa haske ya yi yawa ta gefe. Ya ce, "Ai kai ne masani, Yaya." Ladabin nan nasa ya fi komai ci mini rai. Sauran kwanakin na ɗauki duwatsu, dawaki, faɗuwar rana. Sun fito tas, amma babu mai rai a cikinsu.

Da muka dawo, ban ko sauke jaka ba ƙanwata ta tura hoton a zauren ƙungiya na waya. Kwamiti ba su ɓata lokaci ba, suka zaɓe shi. Likita ya ce a sa sunanmu mu biyu a ƙasa. Na ce a'a, ban zo bara ba.

Abin da tafiyar ta koya mini biyu ne. Ba kowace tsohuwa ake cewa "matsa nan" ba. Sannan wanda aka ba, shi ake ƙara wa: gareji uku, kujera mai kwanciya, yanzu har da kalanda. Tana nan a kicin ɗinmu, matata ce ta rataye ta da hannunta. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya ce, "Kai, me ya ba baiwar Allah nan dariya haka?" Sai in ce ya tambayi Likita. Hoton nasa ne. Wandon da ya jiƙe ne nawa.